Ina aji uku a jami'a, fargaba na neman raba ni da karatu

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, ina aji uku a ɓangaren kimiyya, shekaruna 23. A gida nake zaune a Tudun Wada, kullum sai na hau mota zuwa Samaru. Tun zangon da ya wuce wani abu ya same ni da na kasa gaya wa kowa. A ɗakin jarabawa ya fara. An raba takarda ke nan sai na ji zuciyata na dukan uku-uku, numfashina ya sarƙe, gumi ya keto mini, yatsuna suka yi sanyi kamar ba nawa ba. Na ɗauka mutuwa ce ta zo. Na miƙa takarda ban rubuta abin kirki ba, na fice. Tun daga ranar abin yake dawowa, a lacca, a cikin mota, wani lokaci ina kwance. Yanzu da mota ta wuce Kwangila gabana ke fara faɗuwa. Akwai ranakun da nake sauka a hanya in shiga masallaci in zauna har azahar, in koma gida kamar daga makaranta nake.

Sakamako ya fito, na faɗi kwas biyu, ni da ban taɓa faɗuwa ba. Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ni na fara shiga jami'a a gidanmu, kuma har yanzu bai san komai ba. Umma ta lura na rame, ta sa an yi mini ruƙiyya an ba ni rubutu. Na ɗan ji dama kwana biyu, abin ya dawo. Wani abokina ya ce in daure ni namiji ne, wani kuma ya ba ni wata ƙwaya ya ce tana kwantar da hankali. Ban sha ba tukuna.

Mako uku ke nan da komawa sabon zango, ko rajista ban ƙarasa ba. Abu uku nake juyawa a raina: in jingine karatun na shekara guda in huta, ko in koma karatu daga gida ta intanet inda ba sai na shiga aji ba, ko in haƙura da boko gaba ɗaya in bi Baba kasuwa. Wallahi Anti duk sanda na yi tunanin bari sai in ji sanyi a raina. Anya wannan ba alama ce ta cewa barin shi ne alheri ba?

Ɗanki, daga Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don a nan tarkon yake. Sanyin da kake ji idan ka yi tunanin barin makaranta, shi ne dai sanyin da kake ji idan ka sauka daga mota ka shige masallaci. Jiki ne ya ji an janye shi daga abin da yake tsoro, ya saki. Duk mai irin wannan lalura yana jin wannan sanyin, kuma da shi lalurar take rayuwa. Kada ka ɗauke shi amsar istihara. Kada kuma ka rubuta wata takarda ta bari ko ta jinginewa a wannan makon, sai ka ga likita tukuna. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, kuma gurbin karatu a jami'a na cikin abubuwan da sakinsu ya fi sake kama su sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba ni zan tabbatar maka da sunan ciwonka ta wasiƙa ba, wannan aikin likita ne ido da ido. Amma abin da ka kwatanta ya yi kama ƙwarai da ciwon fargaba mai zuwa da firgici farat ɗaya, kuma likitoci sun san shi sarai. Allah Ya halicci jikin ɗan'adam da shirin ko-ta-kwana: idan haɗari ya taso, wani sinadari da ake kira adiranalin yakan kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ga ƙafafu da damatsa, numfashi ya yi sauri, jini ya janye daga fata da hanji. Shi ya sa yatsunka suka yi sanyi, shi ya sa baki ke bushewa ciki ya murɗa. Saurin numfashin kuma yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri ya biyo baya, leɓe da yatsu su yi kamar ana tsira musu allura. Mutum ya ji haka sai ya ce shi ke nan, zuciya ta buga. Wannan tunanin ya ƙara tsoro, tsoron ya ƙara adiranalin. Abin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti 10, daga nan ya soma sauka da kansa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Ba ya kisa, kuma ba mafarin hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba iri-iri a shekarar 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A babban zauren laccar da kake gudu, da wuya a ce kai kaɗai ne ke riƙe da kujera kana lissafin nisan ƙofa.

Yanzu dubi hanyar da abin ya bi da kai, daga wasiƙarka na tsinto ta. Ya fara a ɗakin jarabawa, ka fita. Ya biyo ka lacca, ka daina shiga. Ya shigo mota, ka fara sauka. Yanzu a Kwangila yake tare ka. Idan aka ci gaba a haka, wata biyu masu zuwa a PZ, tun kafin a kai Kwangila, zai tare ka, daga nan sai ƙofar gida. Fargaba kamar yaro ce da ya yi birgima a kasuwa aka saya masa alawa: an samu shiru a ranar, amma yaro ya koyi birgima. Duk ranar da ka sauka daga mota hankalinka ya kwanta, ƙwaƙwalwarka ta rubuta cewa saukar ce ta cece ka, da ka zauna da wani abu ya faru. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa da ka zauna, minti 10 zuwa 20 abin zai wuce kana nan kan kujerarka lafiya lau.

Da wannan nake so ka auna zaɓinka na uku, na bin Baba kasuwa. Kasuwanci sana'a ce mai daraja, da ita aka biya maka kuɗin makaranta. Amma ka san Sabon Gari da rana tsaka: cunkoso, zafi, hayaniya, mai saye na tsaye a kanka yana jiran canji. Abin da ya kore ka daga zauren lacca ya san hanyar kasuwa. Idan ka bar boko ba ka yi maganinsa ba, a rumfa zai iske ka, ga kuma baƙin cikin shekara uku da ka zubar. In da ka ce mini karatun ne ba ka so tun farko, tura ka aka yi, da maganar ta canza. Ba ka ce haka ba. Ka ce ba ka taɓa faɗuwa ba sai da wannan abu ya zo. To matsalar ba ta basira ba ce, ta lafiya ce, a kan lafiyar za a fara aiki.

Ka je asibitin jami'a da ke cikin Samaru. Kuɗin lafiya na cikin abin da kake biya a rajista, haƙƙinka ne. Abin da zan roƙe ka shi ne kada ka shiga ka ce wa likita "jikina ne ba daɗi", don za a auna ka a rubuta maka maganin zazzaɓin cizon sauro ka fito yadda ka shiga. Ka gaya masa kamar yadda ka rubuto mini, har da sauka daga mota, har da ramar, har da yadda barcinka yake. In kana jin nauyin magana, rubuta a takarda ka miƙa masa ya karanta. Zai duba hawan jini da bugun zuciya, ƙila ya sa a gwada jininka, domin ƙarancin jini da yawan aikin ƙullutun maƙogwaro da ke jawo maƙoƙo duk suna iya kawo bugun zuciya da rawar jiki da rama irin wannan. Idan waɗannan sun fita lafiya, ka nemi ya tura ka sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa da ke Shika, gaba kaɗan da Samaru. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, Kaduna, ga wanda ya fi son inda ba zai haɗu da ɗan ajinsu a layi ba.

Na san abin da sunan sashen nan ke tayarwa a ran mutanenmu. Da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai a hango mari da sarƙa. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma ofis ko shago ko aji. Abin da ka gaya wa likita amana ce, ba ya zuwa teburin malaminka sai abin da ka yarda a rubuta. Ƙasar ma ta motsa a kan wannan: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta hana a nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura.

Ƙwayar da abokinka ya ba ka, mayar masa ko ka zubar. Da kyakkyawar niyya ya ba ka, ban yi shakka ba. Amma irin waɗannan, su diazepam da Lexotan da danginsu, suna kwantar da hankali cikin rabin awa, kuma daidai nan haɗarinsu yake. Jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da babu kuma fargabar ta dawo ninki. Suna kuma dusashe hadda, abin da ɗalibi ya fi buƙata. Taramol da kodin ba ma a maganarsu. Magungunan da likitoci suka fi farawa da su a wannan ciwo, irin su sertraline da fluoxetine, daban suke. Ba sa bugarwa, sai dai suna da jan rai: sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsu sosai, kuma a makon farko wasu kan ji tashin zuciya ko fargabar ta ɗan ƙaru. A nan mutane da yawa ke jefar da su su ce ba su karɓe su ba. Idan an rubuta maka, ka jure, ka koma ranar da aka ce ka koma, kada kuma ka yanke shan su kai tsaye don ka ji sauƙi, likita ne zai rage maka a hankali. Ba kowa ake ba magani ba ma, wani zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam ya wadatar da shi.

Wani abu da ba ka ambata ba amma na san ɗalibai: Nescafé cokali uku a kofi, lemon ƙara kuzari, goro, karatun kwana har asuba. Sinadarin da ke cikinsu yana sa zuciya gudu da hannu rawa, wato daidai alamomin da jikinka ke fassarawa da haɗari. Ƙara da rashin barci da zuwa jarabawa ciki ba komai. Ka tuna daren da ya gabaci waccan jarabawar, me ka sha, awa nawa ka yi barci? In kana sha, ka rage a hankali har ka bari.

Shi kuwa zaman tattaunawar, ba hira ba ce kawai. Babban aikinsa shi ne mayar da kai wuraren da ka gudu, mataki-mataki, har jikinka ya gane da kansa cewa ba abin da ke cin mutum a can. Za ka iya soma ƙaramin sa tun yanzu. Gobe ka hau mota ka zauna kusa da taga. Da an wuce Kwangila gabanka zai faɗi, na sani, kai ma ka sa ran haka, kada ya zo maka a ba-zata. Kada ka ce wa kwandasta akwai sauka. Ka dafa tafin ƙafarka a ƙasan mota sosai, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka fitar ta baki a hankali kana ƙirga 6. Fitarwar ce mai aikin, ita za ka ja. Ka ce a ranka, ga shi ya zo, na san shi, zai wuce. Ka kalli agogon wayarka ka ga minti nawa ya ɗauka. Ka sauka a bakin babbar ƙofa ko da ƙafafunka na rawa. In ranar ba ka iya shiga lacca ba, ka je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ka zauna awa guda, ka dawo gida. An ci ranar. Jibi ka shiga lacca ka zauna gefen layi kusa da ƙofa, da sharaɗin ba za ka fita ba sai abin ya sauka. Mako mai zuwa ka matsa tsakiya. Kafin jarabawa ta zo, ka je zauren da ake yin ta lokacin da ba kowa, ka zauna da tsofaffin tambayoyi ka sa wa kanka lokaci, ka maimaita har wurin ya gundure ka. Za a sami ranar da za ka kasa, ka sauka a hanya. Washegari ka sake hawa, kada ka bari kwana biyu su haɗu.

To yanzu ga ainihin shawarar da ka nema. Akwai zaɓi na huɗu da ba ka lissafa ba, kuma shi na fi so maka: ka ci gaba da karatu a wannan zangon, amma da kaya mara nauyi, kana kuma shan magani. Tunda ba ka rufe rajista ba, dama na hannunka. Kowane zango yana da mafi yawan nauyin kwas da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, yana kuma da mafi ƙaranci. Ɗalibin da ya faɗi kwas yakan cika rajistarsa maƙil don ya kamo 'yan ajinsu, daga nan biyu su zama biyar. Kai ka yi akasin haka. Ka ɗauki abin da ya zama dole, ka tsaya kusa da mafi ƙarancin. Ba zan ɓoye maka ba, wannan na iya sa ka ƙara zango ɗaya ko shekara bayan abokanka sun tafi hidimar ƙasa, kuma ranar da za su sa rigar yaye za ta yi maka ɗaci. Amma a tsarin jami'o'inmu karatun shekara 4 yana da iyakar shekara 6, kana da sarari. Kuma jinkiri ba baƙon abu ba ne a Samaru. Yajin aikin malamai na 2020 wata 9 ya ci, na 2022 ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda abin ya rutsa da su sun gama, suna aiki, ba wanda ke tambayarsu shekara nawa suka yi. Abin da ke kan takardar shaida shi ne darajar sakamako, kuma ita kake karewa idan ka rage kaya.

Jingine karatu yana da wurinsa, ban rufe ƙofarsa ba. Idan likita ya duba ka ya ga barci ya ƙaurace maka gaba ɗaya, ba ka cin abinci, ba ka iya karanta shafi guda ka riƙe, ko baƙin ciki mai nauyi ya hau kan fargabar, to tsayawa ta fi. Sai dai hutun da ake nufi ba kwanciya a ɗaki da waya a hannu ba ne. Shekara guda a ɗaki, ba mota, ba taro, ba abin da ke tashin ka da safe, ita ce alawa mafi girma da za ka saya wa wannan yaron, kuma ranar komawa za ta fi yau wuya. Wanda ya jingine sai ya kasance yana ganin likita a kan kari, yana da wurin zuwa kullum, a nan rumfar Baba za ta yi amfani, yana kuma leƙa makaranta lokaci-lokaci don kada hanyar ta zame masa baƙuwa. Ka kuma sani kwasa-kwasan zangon farko ba a koyar da su a na biyu, don haka jingine zango ɗaya ma kan iya jan shekara.

In har za a jingine, a yi shi da takarda. Wannan ina so ka riƙe da kyau, don a nan yara da yawa ke rasa gurbinsu. Ɗalibi ya ji ba zai iya ba, ya ɗauke ƙafa shiru, bai gaya wa kowa ba. Makaranta ba ta san ciwo ba, ta san rajista da jarabawa. Wanda ya yi rajistar kwas bai zauna jarabawa ba, kuma ba izini, faɗuwa ake rubuta masa, sifili ya shiga lissafin makinsa. Wanda ya ɓace bai yi rajista ba kuma, yana iya dawowa ya tarar an ɗauka ya bar karatu. Takardar neman jinginewa ta hannun shugaban sashe take bi zuwa shugaban tsangaya har majalisar jami'a, da rahoton likita a manne. Ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata, ka ɗauki hotonsa a waya, ka bi sawu har amincewa ta fito a rubuce. Ka kuma tambaya a fili ko lokacin jinginewar zai shiga lissafin iyakar shekarunka.

Karatu daga gida kuwa, hanya ce ta gaske. Jami'arku tana da cibiyar karatu daga nesa, ga kuma NOUN, jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, kuma sun rufa wa ma'aikata da matan aure da 'yan kasuwa asiri. Amma ga wanda tsoron aji ya kora, guduwa ce da ta sa rigar karatu. Ba kowane kwas ake yi ta nan ba, kuma sai ka bincika ko za a lissafa maka shekarun da ka riga ka yi. Sannan a NOUN ma jarabawa a cibiya ake zuwa a rubuta ta, cikin mutane, da mai sa ido, wato daidai inda naka ya fara. Ka ajiye wannan zaɓin a aljihu. Idan bayan ka warke ka ga kana son haɗa kasuwa da karatu, lokacin ka zaɓe shi da hankalinka.

Saura maganar gida. Ka gaya wa Baba kafin sakamako ko wani ɗan unguwa da ya gan ka a masallaci ya gaya masa. Kullum yana ba ka kuɗin mota kana karɓa, kuma ina jin wannan ɓoyon ma yana cikin abin da ke ramar da kai. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa asarar da aka faɗa da wuri ita ake iya tarewa. Ka fara da Umma, tunda ita ta riga ta lura. In kana da baffa ko kawun da Baba ke jin maganarsa, ka sa shi a ciki. Ka je da takardar asibiti a hannu, bayan sallar isha lokacin da ya huta, ka ce, "Baba, ban da lafiya tun zangon da ya wuce, shi ya sa na faɗi kwas biyu. Na je asibiti, ga abin da likita ya ce, ga kuma yadda nake so in ci gaba." Iyaye sun fi ɗaukar magana idan ta zo da mafita a tare. Yana iya yin faɗa, yana iya yin shiru kwana biyu. Ka ba shi lokaci, kai ma wata da watanni ka ɗauka kafin ka iya furtawa.

Ruƙiyyar da Umma ta sa aka yi, ka gode mata, kuma ba sai an zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da asibiti ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, kuma shi da kansa yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Ka riƙe ta safe da yamma. Ga masu cewa tsoro raunin imani ne ko ba halin maza ba ne, a Suratu Ɗaha an ba mu labarin Annabi Musa, Alaihis Salam, ya ji tsoro a ransa lokacin da masihirtan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu, aka ce masa kada ka ji tsoro, ya tsaya a wurin ya jefa sandarsa. Inda zan ja maka kunne shi ne duk mai maganin da ya ce ka daina na asibiti, ko ya kawo duka da hayaƙi a ɗaki rufe, ko ya fara nuna maka wata gwaggo ko wani abokin karatu ya ce shi ya yi maka asiri. Mai fargaba ba ya buƙatar ƙarin mutanen da zai ji tsoro.

Abu ɗaya ba ya jiran Litinin. Idan ka taɓa jin gara mutuwa da wannan hali, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, a ranar za ka gaya wa Umma, a ranar za ku tafi sashen gaggawa na Shika, ko da tsakar dare ne. Ban ga haka a wasiƙarka ba, amma ba kowa ke rubuta shi ba.

In ba haka ba, ga yadda nake so makonka ya tafi. Litinin asibitin makaranta, da safe kafin layi ya yi tsawo. Daga nan ka nemi malamin da ke kula da rajistar ajinku a ofishinsa, ba a kan hanya ba. Ba sai ka zayyana masa komai ba, ka ce, "Malam, ina da lalurar da nake ganin likita a kanta, ina so a taimaka mini in rage kwasa-kwasan wannan zangon, kuma ina so in san ranar da ake rufe gyaran rajista." Ka tambaye shi waɗanne kwasa-kwasai ne sharaɗin shiga wasu a aji huɗu, don kada ka ajiye wanda zai tare maka hanya gaba. Jami'ar tana da cibiyar ba ɗalibai shawara, ka leƙa a makon. Ka kuma zaɓi aboki ɗaya mai riƙon amana a ajinku, ba mai ƙwayar ba, wanda zai riƙa jiran ka a bakin ƙofa da safe ku shiga tare, ya kuma ba ka abin da aka rubuta a laccocin makonni ukun nan. Idan ka ga likita ka sake rubuto mini abin da ya ce da jerin kwasa-kwasan da ka tsayar, mu duba tare. Allah Ya ba ka lafiya, ka gaishe da Umma.